Fitilu Arba'in da Gwangwanin Tina

Litinin, 5 ga Mayu

Masu babban siton nan sun dawo da fitilunsu. Duka arba'in, a bayan mota, an jibge su kamar kayan bola. Wata uku kacal da muka wanke su, muka canza abin da ya ƙone, muka rufe. Manajansu ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Wai ma'aikatansa sun koma duba lambar kwali da tocilar waya.

Oga ya sa na jona ɗaya. Haske kamar idon mara lafiya. Ƙwayoyin LED ɗin, 'yan ɗigon nan da ya kamata su zama rawaya tas kamar gwaiduwa, sun koma ruwan ƙasa, sai ka ce an ɗiga musu shayi.

Oga ya ce, "Wani zai bar shagon nan a kan wannan. Ku uku ne, ku fito min da shi." Mu uku ɗin: ni, Baba, da Mai Walda. Mai Walda ƙafafun ƙarfe kawai yake haɗawa, ko kusa da cikin fitila ba ya zuwa. Saura ni da mahaifina.

Ni na san abin da ya jawo. Tun yaushe nake faɗa.

Talata, 6 ga Mayu

Tina ce. Ruwan nan da masu fenti ke tsinka fenti da shi. Baba yana da gwangwanin madara cike da ita a ƙarƙashin teburinsa, da tsumma baƙi ƙirin a kai. Shekara ashirin da biyu yana shagon nan, tun ana gyaran fanka da dogayen fitilun nan masu ƙyafta ido kafin su kama. Komai tina. Da za a miƙo masa jariri a ce ya wanke, gwangwanin nan zai jawo.

Ban gama sakandare ba, kowa ya sani, Mai Walda ba ya bari a manta, shi ya sa yake ce min Farfesa. Amma takardar da masu ƙera ƙwayoyin suka rubuta tana cikin wayata, shafi talatin da wani abu, na bi ta da ƙamus kalma bayan kalma har na kai wurin da ake maganar wanki. A fili take. Sifirit mai suna aisofrofil, shi ne lafiya, da auduga, a hankali, ba a dannawa. Tina, fetur, ruwan goge jan farce, bilic ɗin wanki, ruwan goge gilashi mai warin fitsari, duk guba ne. Saman ƙwayar ba gilashi ba ne, wata roba ce mai laushi da iska ke ratsawa. Tururi ya shige ta, zafi da haske su dafa shi a ciki, shi ke nan ta yi duhu.

Na sake faɗa wa Baba a hanyar gida. Ya ce, "Takardar taka ta taɓa riƙe sukundireba?"

Ta ina za ka fara da mutum irin wannan.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na yi ta. Ban ce na yi daɗi ba, amma na yi.

Oga ya tara mu kafin a fara aiki. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce ni ne sabon hannu, shekara biyu, kuma ni na rufe fitilun. Ni da nake sayo sifirit da ƙafata daga kemis, ni da nake hana barcin safe ina karatu, ni za a ɗora wa? Ban san lokacin da na sunkuya na ɗauko gwangwanin na dire shi a kan teburin Oga ba, har ya fallatsa a takardunsa.

Abin da na ce ba zan iya tuna shi duka ba. Na ce a shagon nan akwai masu aiki da kai, akwai masu aiki da shekaru. Na ce wanda bai iya karanta jikin kwalba ba bai kamata a bar shi da kayan mutane ba. Wannan na tuna shi sarai, don Mai Walda ya kashe injinsa a daidai nan.

Baba ya ɗauki tsumma yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, alhali babu komai a jikinsu.

Gaskiya na faɗa. In gaskiya ta yi zafi ba ni na hura ta ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Oga ya ce Baba ya je gida ya huta "har a ga yadda za a yi". Kowa ya san fassarar wannan.

Ya kwashe kayansa a tsohuwar jakar buhu: filaya biyu, mitar gwada wuta, ƙarfen liƙi, burushin nan mai laushi da ba ya ba kowa aro. Na ce in ɗaukar masa. Ya ce, "Bar shi, kana da aiki."

Lahadi, 11 ga Mayu

Mama ta ajiye min abinci ba ta kalle ni ba. Da na ce me na yi, sai ta ce, "Da bakin nan na haife ka, Auta. Ban dai san ubanka za ka fara ci da shi ba."

Na ce to in yi ƙarya ke nan? A kore ni don a rufa wa gwangwani asiri? Ta ɗauki tsintsiya ta fita.

Talata, 13 ga Mayu

Teburin ya zama nawa ni kaɗai. Oga ya ce in buɗe su duka, in ga wanda zai ceto. Buɗewar ma aiki ce, don na rufe su da kyau. Kowane ƙaramin gilashin roba na ɗiga masa sufa gulu don kada ya motsa, bakin murfin kuma na zagaye shi da farin gam ɗin nan mai warin tsami da ake liƙe taga da shi. Ko ƙura ba ta da ƙofa. Da Baba ne, tsohuwar robar bakin murfin zai mayar, ya bar 'yar huda a ƙasa. Wai fitila ma tana numfashi. Duk hudar da ya bari na bi na toshe. Numfashi! Akuya ce?

Da wuƙa nake yanke gam ɗin. Yatsuna duk sun yi jini.

Laraba, 14 ga Mayu

Wani abu.

Baba yana da ɗabi'a, duk abin da ya wanke sai ya ja layi biyu da ƙusa a cikin kwanson ƙarfensa, inda ba mai gani. Tun ina yaro na sani, har rediyon gidanmu yana da su. Yau ina jera kwansunan sai na lura wasu ba su da layin. Na ware su. Ashirin da takwas masu layi, sha biyu babu.

Sha biyun nan nawa ne. Makon da zazzaɓi ya kwantar da shi ni na yi su tun daga fari har ƙarshe. Sifirit da auduga, yadda takarda ta ce. Tina ko warinta ba su ji ba.

Sun yi duhu su ma. In ma ba idona ba ne, sun fi duhu.

Alhamis, 15 ga Mayu

Sifirit ɗin jabu ne, ba wani abu ba. Na je kemis na dire wa mutumin kwalbar, na ce ya gaya min me ya zuba a ciki. Ya ce shi da shi ake goge wa mutane hannu kafin allura, ba wanda ya dawo ya ce ya yi ruwan ƙasa. Mutane suka yi dariya. Na faɗa masa maganar da ba zan rubuta ba. Yanzu sai na nemi wani kemis ɗin.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ba zan tsaya gardama da kaina ba, gwaji zan yi. Na samo kwalabe uku masu murfi, na yanko ƙananan faranti uku masu sababbin ƙwayoyi. Na ɗaya na goge da sifirit ɗin. Na biyu na sa masa guntun alminiyam da na jiƙa da tina ya bushe. Na uku ɗigon sufa gulu da ɗan gam mai tsami. Na huda murafen na zura waya, na toshe, na jona, na tura su ƙarƙashin tebur.

Na ukun don a cika lissafi ne kawai na sa.

Mai Walda ya leƙo ya ce, "Farfesa, turare za ka fara haɗawa? In ya yi ka sa min na angwaye."

Lahadi, 18 ga Mayu

Baba ya kwance fankar ɗakinsu ya wanke ya mayar. Lafiyarta ƙalau fankar. Jiya ma agogon bango ne. Mama ta ɓoye dutsen guga.

Ba ya min fushi, abin da ya fi ci min rai ke nan. Da safe na gaishe shi ya amsa, har da "ya aikin". Da zai zage ni da na san inda zan tsaya.

Laraba, 21 ga Mayu

Kwalba ta ɗaya tas. Ta biyu tas. Ta uku ta fara.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na ɗauko kwalbar ta uku na kai bakin ƙofa inda rana take, ko inuwa ce ke ruɗa ni. Ba inuwa ba ce. Launin shayin nan ne, sak.

Na buɗe takardar a waya. A shafi na sha ɗaya na tsaya wancan karon, inda aka gama maganar wanki, don na samu abin da nake nema, sunan tina baƙi a kan fari. Yau na wuce. Shafi na sha tara: abubuwan liƙi. Irin sufa gulu yana jerin masu cutarwa, kusa da sama. Gam mai fitar da tsami yana ƙasansa. Sannan layi biyu da na karanta har sau huɗu da ƙamus, ko zan samu wata fassarar: ɓarnar ta fi tsanani a fitilar da aka rufe ruf, inda tururin ba shi da hanyar fita.

Shafi takwas. Tsakanina da sanin wannan shafi takwas ne, kuma wata bakwai ke nan takardar tana aljihuna.

Ban ci abincin rana ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Na tambayi Mai Walda, kamar da wasa, wai shi Baba yaya yake wankinsa. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Shekara biyu kuna tebur ɗaya kake tambayata?"

Wai tina a kwanson ƙarfe kawai yake sa ta, inda maiƙo da kashin tsuntsu suke, bayan ya cire komai. Ya jera su a rana tun safe har la'asar, ya shinshina, in da sauran wari ya ƙara musu kwana. Farantin ƙwayoyin kuwa burushi ne da iskar baki, ko ruwa ba ya sa musu. Murfin roba sabulu da ruwa. Wai tun wata shekara da tina ta taɓa farfasa masa murfi ɗaya bai sake ba.

Na ce ban taɓa gani ba. Ya ce, "Ina za ka gani? Kana lacca, bayanka kake ba shi."

Na koma teburina.

Litinin, 26 ga Mayu

Takardar ta ce wani lokaci in aka buɗe fitilar aka bar ta a kunne cikin iska, duhun yakan washe. Na kankare gam ɗin tas, na cire gilasan, na jera su ashirin a dogon benci na jona. Shagon ya yi zafi kamar gidan burodi.

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Ina jira in gani. Wai.

Alhamis, 29 ga Mayu

Suna washewa. Ba duka ba, amma sha huɗu sun dawo kusan rawaya. Oga ya zo ya tsaya hannu a ƙugu, ya kira Mai Walda ya ce ya zo ya ga aikin ilimi. "Ka ga bambancin mai karatu? Da tuni na sa an zubar." Har ya dafa kafaɗata.

Mai Walda ya ce, "Ƙwarai, Oga. Wanda ya san inda ya ɗaure ai shi ya fi saurin kwancewa." Oga bai gane ba, ya yi dariya.

Zan iya yin shiru. Ba wanda zai buɗe shafi na sha tara a shagon nan har a tashi duniya. Kwalaben uku in na jefa a kwata shi ke nan. Na ɗauko su ma, na riƙe, na mayar.

A gida na tarar Baba a tsakar gida yana gyara wa maƙwabciya tocila. Ya kai ta kusa da hancinsa kafin ya ga kan sukurun. Yaushe idonsa ya zama haka?

Asabar, 31 ga Mayu

Na faɗa. A gaban Mai Walda, don a gabansa na yi waccan. Na dire kwalaben uku a teburin Oga, wannan karon a hankali. Na nuna masa kwansuna sha biyu marasa layi. Na ce gam ɗina ne, toshewata ce, Baba ba shi da hannu, in akwai mai tafiya ni ne.

Na zata zai yi ihu. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

Ya ce, "To, na ji. Ka daina sa gam ɗin."

Na ce Baba fa?

Ya ce in zauna. Wai shekara biyu ke nan yana neman yadda zai sallami Tsoho bai samu fuska ba. Hannu na rawa, ido ya tafi, fitila ɗaya sai ta kwana biyu a rana ana jiran ta sha iska, masu kaya suna waya. "Ni ban iya kallon idonsa in ce ya tafi ba. Kai ka iya."

Na ce to ni ma na tafi. Ya ce ƙofa a buɗe take, amma in fara tambayar Mama ko gidan zai ɗauki mutum biyu a zaune.

Na tsaya. Kamar jaki na tsaya. Na koma benci na ci gaba da kankare gam.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na same shi bayan ya karya, yana zaune a kan tabarma yana warware tsohuwar waya yana nannaɗewa. Na tsuguna. Na shirya magana tun jiya, mai tsawo, har da bayanin tururi da zafi. Abin da ya fito kawai: "Baba, ba tina ba ce. Ni ne."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani."

Wai tun ranar da aka sauke su daga mota ya ɓalle murfin ɗaya ya kai hanci. Tsami ya ji, ba tina ba. Ya ce shekara ashirin da biyu yana shaƙar tina, ko a kabari aka buɗe ta zai gane ta.

Na ce to me ya sa bai faɗa ba, ranar da na tsaya a gaban mutane ina yin abin da na yi.

Ya ce, "In na faɗa wa za a kora?"

Ya ci gaba da naɗin wayarsa. Can ya ce in miƙo masa filaya, tana bayana. Na miƙa.

Na gaya masa abin da Oga ya ce, ban ɓoye ba, sai maganar ido da na rage. Ya gyaɗa kai. Ya ce Oga yaro ne mai kirki, a hannunsa Oga ya koyi riƙe mita.

Mama tana bakin ƙofar kicin duk ta ji. Da rana na ga nama biyu a kwanona.

Talata, 3 ga Yuni

Talatin da ɗaya sun tashi, tara sai an canza faranti. Na mayar da tsofaffin robobin. Masu sito sun zo sun kwashe, manajan har da cewa Oga ya riƙe ni da kyau.

Na sake roƙon Oga, ko kwana uku a mako. Ya ce in bar maganar.

Litinin, 9 ga Yuni

Da safe na fito na tarar Baba a zaure da rigar aiki, har ya sa takalmi ɗaya. Ya gan ni, ya kalli ƙafarsa, ya ce dama kasuwa zai leƙa. Mun fito tare har bakin titi. Ni na yi dama, shi ya tsaya.

Oga ya kawo sabon mutum teburin. Ba yaro ba ne, da furfura a gemunsa, daga wani shagon gyaran janareto da aka rufe. Kafin azahar na ga ya zaro gorar ruwa daga jakarsa, launin abin ciki kawai na gani na san fetur ne. Ya jawo fitilar wani mai kanti ya fara kwancewa.

Na miƙe. Mai Walda ya kashe injinsa, ya ɗaga gilashi, ya gyara tsayuwa, yana jiran kallo.

Na je na tsaya a gefen mutumin. Na ce, "Kawu, yi in gani yadda kake yi." Ya kalle ni da mamaki, ya ci gaba. Na tsaya har ya cire faranti ya ajiye gefe, ya cire murfi, ya jiƙa tsumma ya goge kwanson. Sai da hannunsa ya nufi ƙwayoyin na riƙe tsumman, na ajiye masa kwalbar sifirit da auduga, na ce wannan wurin da wannan muke yi, zan nuna masa dalili in an tashi. Ya ce to, madalla.

Mai Walda ya ce, "Shi ke nan? Na kashe injina a banza?"

Na koma wurina na ci gaba da aiki.